Ibnul Baiɗar: Masanin tsirrai da ya rubuta asirin maganin da ake haska jinin yara da shi a yau

A wasu manyan asibitocin duniya akwai wata na'ura da ake ɗaura wa yaron da aka yi wa dashen ɓargo idan dashen ya juya masa baya. Tana zuƙo jininsa kaɗan-kaɗan, ta ware fararen ƙwayoyin jini, a ɗiga musu wani magani, a haska su da wani irin haske, sannan a mayar masa da su jikinsa. Likitoci na kiran aikin fotoferesis.

Maganin da ake ɗigawar sunansa metoksalen, kuma ya shigo hannun likitoci ne ta hanyar wata ciyawa mai farin fure da ke fitowa a gonakin Masar ba tare da kowa ya shuka ta ba. Shekara 700 kafin a tace shi, wani Ba'andaluse ya rubuta yadda ake haɗa 'ya'yan ciyawar da zafin rana a magance albaras. Sunansa Abu Muhammad Abdullahi ɗan Ahmad, laƙabinsa Liya'uddini, amma duniya ta fi saninsa da Ibnul Baiɗar.

Ɗan likitan dabbobi

An haife shi wajen 1197 a yankin Malaga, a bakin teku kudancin Andalus, ƙasar da ake kira Sifaniya yanzu. Baiɗar da Larabci shi ne likitan dabbobi, musamman dawakai, don haka sunan nasa na nufin ɗan likitan dabbobi. Duk wanda ya tashi cikin makiyaya ya san ba ƙaramin sani ba ne wannan: sai ka san ciyawar da ke kumbura tunkiya da wadda ke tsayar mata da zawo.

Ya yi karatu a Ishbiliya, birnin da Turawa ke kira Sebil, kuma babban malaminsa a can shi ne Abul Abbas Annabati, wanda ake wa laƙabi da Ibnur Rumiyya. Wannan malami ya haɗa fanni biyu da mutum zai ɗauka ba su da alaƙa: masanin tsirrai ne, kuma malamin hadisi ne da ya yi tafiya har gabas yana sauraron maruwaita. Idan aka duba rubutun almajirinsa sai a ga alaƙar. Ibnul Baiɗar ya ɗauki maganar magani kamar yadda mai hadisi ke ɗaukar ruwaya. Wa ya faɗa? Daga wa ya ji? Ya gani da idonsa ko labari ya samu?

Zamanin ƙuruciyarsa ba na kwanciyar hankali ba ne. A 1212 dakarun sarakunan Kirista na arewa suka karya rundunar daular Muwahhiduna a wani babban yaƙi, daga nan garuruwan Musulmi suka fara suɓucewa ɗaya bayan ɗaya. Malamai da yawa sun kama hanyar gabas. Shi ma wajen 1219 ya ƙetare teku zuwa Arewacin Afirka, kuma bai sake komawa gida ba.

Tafiya ce ta mai neman ganye, ba ta mai sauri ba. A 1220 yana Bijaya, a gaɓar tekun Aljeriya ta yau. Ya bi ta Kustantin da Tunis da Tarabulus da Barƙa, ya kai har Antaliya a kudancin Turkiyya, sannan Sham da Masar. Ko'ina ya sauka yana tambayar mutanen wurin abin da suke kiran kowane tsiro, shi ya sa littafinsa ya cika da sunaye na Larabci da Barbarci da Girkanci da Farisanci da yaren mutanen Andalus. Ya gane cewa rabin kuskuren masu magani daga suna yake farawa: tsiro ɗaya mai suna biyar, ko suna ɗaya da ake kiran tsirrai uku da shi.

Ƙafar hankaka

A farkon babban littafinsa, cikin magungunan da suka fara da alifi, akwai wani tsiro mai suna aɗrilal. Ya bayyana cewa sunan na Barbarci ne, ma'anarsa ƙafar tsuntsu. Mutanen Masar na kiransa ƙafar hankaka, wasunsu kuma karas ɗin shaiɗan. Ya siffanta kararsa da furensa fari da ƙananan 'ya'yansa, ya bambanta shi da wani tsiron da ya yi kama da shi mai rawayan fure, don kada mai nema ya tsinko wani ya ce shi ne.

Sannan ya ba da tarihin maganin. A cewarsa, wata ƙabilar Barbar da ake kira Banu Abi Shu'aib, a yankin Bijaya, su ne suka fara shahara da shi. Masu albaras kan yi tattaki zuwa wurinsu, su kuwa sun ɓoye asirin, ba sa sanar da kowa sai 'ya'yansu, ɗa ya gada daga uba. Haka aka daɗe har wani ya gano tsiron, ya sanar da wasu, labari ya bazu.

Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Akwai gidajen da aka sani da ɗori, akwai na maganin maciji, akwai na shawara, kuma kowa ya san yadda ake rufe irin wannan sani. Ba a zargin mai shi, abincinsa ne. Illar ita ce ranar da tsohon ya rasu bai gama sanar da ɗansa ba, ko ɗan ya tafi birni ya kama wata sana'a, an binne su tare. Ba Ibnul Baiɗar ne ya ƙirƙiro maganin aɗrilal ba, shi ma bai ce shi ne ba. Abin da ya yi shi ne ya sa shi a takarda, da sunan masu shi, da siffar tsiron, da yadda ake amfani da shi.

Yadda ya bayyana aikin ya nuna mutum ne da ya tsaya ya kalla. Ana daka 'ya'yan, a sha su kaɗai ko a haɗa da zuma da wani magani. Sai mara lafiya ya zauna cikin rana mai zafi, ya buɗe wuraren da suka yi fari, tsawon awa ɗaya ko biyu har ya yi gumi. Wuraren sai su tashi su yi bororo su ɗuri ruwa, idan sun fashe sun warke sai launin fata ya fara dawowa. Ya ce ya gwada ba sau ɗaya ba ya ga amfaninsa, wasu na samun sauƙi da wuri, wasu sai an maimaita. Ya kuma lura cewa tabon da ke wuri mai tsoka ya fi saurin jin magani a kan wanda ke kan ƙashi. Likitocin fata na yau sun san haka: albaras na yatsu da bayan ƙafa shi ya fi taurin kai.

Abu mafi muhimmanci da ya kiyaye shi ne maganin ba ya aiki shi kaɗai, rana ma ba ta yi ita kaɗai. Sai an haɗa su. Wanda ya taɓa matse lemon tsami da yawa a rana ya ga bayan hannunsa ya ƙone ya yi baƙi bayan kwana biyu, ya gamu da dangin wannan sinadari, don bawon lemon tsami na ɗauke da irinsa.

Shugaban masu baza tabarma

A Masar ya shiga hidimar Sarki Alkamil, ɗan ɗan'uwan Salahuddini Al'ayyubi. Sarkin ya naɗa shi shugaban masu sassaƙe da saiwa na ƙasar, har da masu baza kayansu a kasuwa. Mutumin Kafur ko Malumfashi ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani, ya san mai tabarmar da ke jera ƙullin gari da saiwoyi ranar kasuwa. A ce an ɗauko malamin da ya haddace littattafan Girkawa an ba shi sarautar waɗannan mutane, kamar yadda ake da Sarkin Pawa da Sarkin Aska, to wannan shi ne muƙamin Ibnul Baiɗar. Yana tsakanin fada da kasuwa, kuma daga ɓangarorin biyu yake ɗibar sani.

Mafi yawan abin da aka sani game da halinsa ya zo ne daga almajirinsa Ibn Abi Usaibi'a, likitan Dimashƙa da ya rubuta tarihin likitoci mai suna Uyunul Anba. Sun haɗu a Dimashƙa a shekara ta 633 bayan hijira, wato wajen 1235, suka riƙa fita bayan gari tare suna duba tsirrai a inda suke fitowa. Almajirin ya ce ya same shi mai daɗin zama da mutunci. Kan tafi da littattafan Diyoskoridis da Jalinus da Algafiƙi, malamin ya fara da sunan tsiro da Girkanci, ya kawo abin da kowane marubuci ya ce, ya nuna inda suka saɓa da inda wani ya yi kuskure. Abin da ya fi ba almajirin mamaki shi ne yadda yake faɗin babin da maganin yake da matsayinsa a jerin, kuma in an buɗe littafin a tarar haka ne.

Alkamil ya rasu a 1238. Ibnul Baiɗar ya ci gaba da hidima a ƙarƙashin ɗansa, Assalihu Najmuddini Ayyub, kuma shi ya sadaukar wa manyan littattafansa biyu.

Na farko shi ne Aljami'u li Mufradatil Adwiya wal Agziya, kundin magunguna da abinci da aka jera bisa haruffa. Ya ƙunshi magunguna kusan 1,400 daga tsirrai da dabbobi da ma'adinai, an ɗebo bayanansu daga marubuta kusan 150, irin su Arrazi da Ibn Sina da Al'idrisi. Masana sun ƙiyasta cewa wasu ɗaruruwa daga ciki ba a san su a littattafan Girkawa ba. Na biyu, Almugni, ya jera magungunan ne bisa gaɓoɓin jiki, daga ciwon kai zuwa ƙasa, don amfanin mai duba mara lafiya. Yana da sharhi a kan littafin Diyoskoridis, da wani littafin da ya ware don gyara kurakuran Ibn Jazla, likitan Bagadaza.

A gabatarwar Aljami'u ya shimfiɗa ƙa'idarsa: zai jingina kowace magana ga mai ita, zai riƙe abin da gani da gwaji suka tabbatar masa, zai yi watsi da abin da ya saɓa, ko wane ne ya faɗe shi. Gaskiya ita ce bai cika wannan alkawari a kowane shafi ba. Kaso mafi girma na littafin tattara maganganun magabata ne, kuma a ciki akwai abubuwan da babu likitan da zai yarda da su yau. Masu cewa ya riga kimiyyar zamani sanin komai sun wuce gona da iri. Darajarsa tana inda ya ce na gani, na gwada, da inda ya ce wane ya yi kuskure ga dalili.

Ya rasu kwatsam a Dimashƙa cikin watan Sha'aban na 646, ƙarshen 1248, yana da shekara hamsin da 'yan kai. A wannan ƙarshen shekarar ne kuma Ishbiliya, inda ya yi karatu, ta faɗa hannun Sarkin Kastila. Yau akwai mutum-mutuminsa a garin Benalmadena kusa da Malaga.

Daga kasuwar Alƙahira zuwa na'ura

Littafin bai mutu ba. An yi ta kwafarsa da hannu ƙarni bayan ƙarni, maɗaba'ar Bulaƙ ta Alƙahira ta buga shi a 1291 bayan hijira, wani likitan Faransa mai suna Lucien Leclerc kuma ya fassara shi tsakanin 1877 da 1883. Masu magani a Masar ba su daina sayar da garin aɗrilal ga masu albaras ba.

A shekarun 1940 wani malamin harhaɗa magunguna a jami'ar Alƙahira, Ibrahim Ragab Fahmy, da abokin aikinsa Hamed Abu-Shady suka bi diddigin garin, suka danganta shi da ciyawar da masana ke kira Ammi majus. A 1947 suka tace sinadaran da ke aikin. A 1948 likitan fata Abdel Monem El Mofty ya wallafa sakamakon gwajinsa a kan masu albaras, yana ba su sinadarin da awo sannan ya sa su a rana. Awon nan shi ne bambancin. Ɗanyen garin na iya ƙona fata ƙuna mai tsanani ya cutar da ido, don haka kada kowa ya karanta wannan ya tafi neman irinsa.

Wani abin sha'awa, tun 1911 an riga an ciro wannan sinadari a Jamus daga 'ya'yan wata bishiyar Afirka ta Yamma, wadda Hausawa ke kira fasa-ƙwari. Sai dai a lokacin ba a haɗa shi da maganin fata ba.

A 1974 likitocin Harvard a Amurka, John Parrish da Thomas Fitzpatrick da abokansu, suka maye gurbin rana da fitilu masu ba da hasken UVA, hasken da ido ba ya gani, suka yi amfani da haɗin wajen magance wata cutar fata mai sa ɓamɓaroki. A 1987 Richard Edelson ya wallafa wata sabuwar dabara: maimakon a haska mutum, a fito da jininsa a haska shi a waje. An fara ne da wata sankarar fararen ƙwayoyin jini da ke bayyana a fata, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da hanyar a 1988. A 1994 aka fara ba da rahoton amfani da ita ga wanda dashen ɓargo ya juya wa baya.

Lokacin da baƙo ya far wa mai gida

A nan ne labarin ya shafi gidajenmu. Ana ƙiyasta cewa jarirai kusan 150,000 ake haifa da amosanin jini, wato sikila, kowace shekara a Najeriya. Iyaye a Kafur da Bakori da Ɗandume sun san hanyar asibitin Malumfashi da Funtuwa, sun san Shika, sun san daren da yaro ke kukan ƙashi ana neman jini. Dashen ɓargo na iya raba yaro da cutar gaba ɗaya. An fara yin sa a Najeriya a 2011 a asibitin koyarwa na jami'ar Benin, asibitin koyarwa na jami'ar Legas ya fara nasa a 2024, iyalai masu hali kuma kan tafi Indiya. Wanda ya fi dacewa ya ba da ɓargon shi ne ɗan'uwa uwa ɗaya uba ɗaya, kuma damar kowane ɗan'uwa ya dace ɗaya ce cikin huɗu.

Abin da ba a cika faɗa wa mai tara kuɗin dashe ba shi ne, aikin ba ya ƙarewa ranar da aka zuba ɓargon. Bahaushe ya ce baƙo raɓa ne, amma wannan baƙon zama ya zo yi, kuma ya zo da dakarunsa. Sabon ɓargo na ƙera sabuwar garkuwar jiki, ita kuwa tana iya kallon jikin yaron a matsayin abokin gaba ta far masa. Likitoci na taƙaita sunan wannan cuta da GVHD. Mai zuwa da wuri, galibi cikin kwana 100 na farko, tana fitowa da ƙuraje a tafin hannu da ƙafa, da zawo mai yawa, da shawara. Mai daɗewa tana taurara fata, ta busar da ido da baki, ta ƙage gaɓoɓi.

Maganin farko shi ne sitiroid, kuma kusan rabin masu cutar ne kawai ke samun sauƙi mai ɗorewa da shi. Ga yaro, daɗewa a kansa na da tsada: yana hana tsawo, yana raunana ƙashi, yana tayar da suga, yana buɗe ƙofa ga kowace ƙwayar cuta. Fotoferesis na cikin abin da ake komawa gare shi idan sitiroid ya gaza ko aka kasa rage shi.

Kaso kaɗan na fararen ƙwayoyin jinin ake haskawa a kowane zama. Hasken na sa metoksalen ya manne wa ƙwayar halittar da ke cikinsu, sai su kama hanyar mutuwa a hankali. Idan aka mayar da su, jiki na share su, kuma a wannan sharewar garkuwar na koyon sassautawa. Amfanin hanyar shi ne tana lallashin garkuwar ba tare da ta kwantar da ita gaba ɗaya ba, don haka haɗarin kamuwa da cututtuka bai kai na sauran magungunan ba.

Ba kowane yaro take yi wa aiki ba, ta fi tasiri a fata da baki, kuma akwai wahala. Zama ɗaya na cin awa biyu zuwa huɗu, yawanci kwana biyu a jere kowane mako ko mako biyu, har tsawon watanni. Jijiyoyin ƙaramin yaro sirara ne, sai an sa masa bututu a babbar jijiya. Jininsa kaɗan ne, don haka wani lokaci sai an cika na'urar da jinin wani kafin a fara. Iyalin da ke shirin dashe na da haƙƙin su tambayi asibitin tun kafin su biya: idan GVHD ta taso kuma sitiroid bai yi ba, me kuke da shi, a ina, nawa ne, kuma wata nawa za mu zauna kusa da ku?

Marasa lafiyar Ibnul Baiɗar cikin rana ake zaunar da su. Yaron da ya tashi daga kan na'urar kuwa ana ce wa iyayensa su rufe masa jiki, su sa masa baƙin tabarau, kada rana ta taɓa shi har awa 24, don ragowar maganin da ya koma jikinsa na iya ƙona masa fata da ido.